Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Allah Ya Shirya William Wade Harris

Karatu: Ayyukan Manzanni 7:20-36; 1 Timoti 3:1-7

 

In kana zaune a Abijan, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kodibuwa, ko kuwa ka taɓa zuwa fatauci, lalle ka san Adjame da tashar motarta da kasuwarta wadda ba ta barci. Ka san Treichville kuma, a ƙetaren gada, kusa da tashar jiragen ruwa. A waɗannan unguwanni biyu ne 'yan'uwanmu Hausawa da yawa daga Nijar da Nijeriya suke neman abinci, wani da ɗinki, wani da tireda, wani da sayar da garba, wani da dako. Ran Lahadi da safe kana iya gamuwa da maza da mata sanye da fararen tufafi daga sama har ƙasa, suna tafiya sujada. Da yawa cikinsu 'yan Ikilisiyar Harris ne. Mutumin da suke amsa sunansa ya rasu tun 1929. Ba ɗan ƙasar ba ne, bai kuwa yi shekara biyu cikakku yana wa'azi a cikinta ba, amma an ƙiyasta mutanen da ya yi wa baftisma sun wuce 100,000.

Me ya sa na kawo maka labarinsa yau? Domin a ikilisiyoyinmu, idan lokacin zaɓen dattawa ko shugaban matasa ko shugabar Zumuntar Mata ya zo, masu son kujera suna da yawa, masu son shiri kuwa kaɗan ne. Na ga matashi ya bar majami'a da fushi domin ba a ba shi bagade ba. Na ga ikilisiya ta rabu biyu saboda mutum ɗaya da ya hau tun bai nuna ba. Son aikin shugabanci ba laifi ba ne, Manzo Bulus ma ya yaba wa mai wannan buri a karatunmu na yau. Amma nan da nan ya jera irin halin da ake bukata, ya kuma hana a ba sabon tuba wannan aiki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin Harris a Kodibuwa wajen wata 18 ne. Shirinsa kuwa ya ɗauki fiye da shekara 50. Bari mu dubi waɗannan shekaru.

A ƙarƙashin hannun wani

An haifi Wade wajen shekara ta 1860 a ƙauyen Half Graway, kusa da Cape Palmas, a kudu maso gabashin Laberiya. Ɗan kabilar Girebo ne. Mahaifinsa mai bin addinin gargajiya ne, amma kawunsa, John Lowrie, fasto ne na Ikilisiyar Metodis. Sa'ad da yaron ya kai wajen shekara 12, sai aka kai shi gidan kawun nan a yankin Sinoe. A can aka yi masa baftisma, ya sami suna William Harris. A can kuma ya koyi karatu da rubutu cikin harshen Girebo da Turanci.

Ka san yadda zaman gidan kawu yake. Ba kai kake yanka wa kanka lokaci ba. Ana aikenka, ana tsawata maka, kana cin abin da aka ba ka. Yaron nan bai san cewa Turancin da yake koya shi ne zai yi wa'azi da shi bayan shekara 40 ba. Bai san cewa Littafin da ake sa shi karantawa zai zama makaminsa a gaban gunduma-gunduma na masu tsafi ba. Shi dai yana biyayya.

Haka Allah ya saba yi. Joshuwa ya daɗe yana baran Musa kafin ya haye da jama'a Kogin Urdun. An san Elisha a matsayin wanda yake zuba wa Iliya ruwa a hannu kafin a san shi a matsayin annabi (2 Sarakuna 3:11). Timoti ya bi Bulus kamar ɗa da mahaifinsa. Ɗan'uwana, wa yake da ikon ce maka ka yi kuskure, ka kuwa saurara? In babu ko mutum ɗaya, to, ba ka fara shiri ba tukuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda bai taɓa zama ƙarƙashin wani ba, ranar da aka sa mutane a ƙarƙashinsa zai danne su, gama bai san yadda nauyin umarni yake a wuyan mai karɓa ba.

Aikin hannu da sabuwar haihuwa

Da ya zama saurayi, Harris ya yi abin da samarin gaɓar tekun Laberiya suke yi a zamanin. Ya shiga aikin lebura a jiragen ruwa na Turawa, yana lodi da sauke kaya, har ya je Legas da Gabon. Ya kuma koyi aikin birkila, ya ci abinci da shi shekaru da dama. Wanda daga baya dubban mutane suka durƙusa a gabansa domin baftisma, ya ɗauki buhu a ka, ya kwaɓa ƙasa, ya ɗora bulo bisa bulo cikin rana.

Yana da wajen shekara 21 ne ya ji wani wa'azi a majami'ar Metodis ta garin Harper, bisa Wahayin Yahaya 2:4-5, inda Ubangiji ya tsawata wa ikilisiyar Afisa don ta bar ƙaunarta ta fari, ya kira ta ga tuba. Maganar ta soke shi a zuci. Lura da wannan: an riga an yi masa baftisma tun yana yaro, ya girma a gidan fasto, ya iya karanta Littafi Mai Tsarki, amma sai a ranar nan ya ba da ransa ga Almasihu. Daga nan ya fara wa'azi ba tare da albashi ba, yana ci gaba da aikin gininsa.

Akwai abu biyu a nan domin ka. Na fari, girma a gidan Kirista ba ya maye gurbin sabuwar haihuwa. Kana iya zama ɗan fasto, kana iya zama ɗan mawaƙa shekara goma, ba ka taɓa durƙusa ka ce wa Yesu ya cece ka ba. Makaho ba ya yi wa makaho jagora. Na biyu, kada ka rena sana'ar da take hannunka. Kai da kake karen mota a gbaka tsakanin Adjame da Abobo, ko kake dako a tashar jiragen ruwa, ke da kike sayar da abinci a bakin kasuwar Treichville, kina ganin kamar wannan ba shi da haɗi da aikin Allah? Yana da shi. A nan ake koyon tashi da asuba, da riƙon amanar kuɗin wani, da haƙuri da mai zagi. Dauda ya koyi yaƙi a wurin kiwon tumaki. Ubangijinmu da kansa an san shi da sassaƙa a Nazarat (Markus 6:3), bai kuwa fara hidimarsa a fili ba sai da ya kai wajen shekara 30 (Luka 3:23). Kuma saboda Harris ya san wahalar lebura, ya san yadda ake magana da talaka.

Aminci cikin ƙaramin aiki

A 1885 Harris ya auri Rose Farr, 'yar wani katikis na Ikilisiyar Efiskofal, wato 'yar'uwar Angilikan. Allah ya ba su 'ya'ya 6. A 1888 ya shiga wannan ikilisiya a hannun Bishop Samuel Ferguson. A 1892 aka naɗa shi mataimakin malamin makaranta da katikis a ƙauyensu. Daga baya ya riƙe makaranta, a 1899 kuma ya zama tafintan gwamnati.

Ka ƙidaya shekarun. Daga 1892 zuwa lokacin da ya rasa aikin, fiye da shekara 15 ke nan yana tsaye gaban yara 'yan ƙauye, yana koya musu baƙaƙe da Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji.  Ba a naɗa shi fasto ba. Amma a cikin ajin nan ne ya koyi yadda ake ɗaukar babbar gaskiya a gutsuttsura ta, har yaro ya iya haɗiya. A aikin tafinta kuwa ya koyi tsayawa gaban masu mulki ba tare da rawar jiki ba, ya koyi ɗaukar magana daga wannan harshe ya kai ta wancan. Duka biyun ya bukace su daga baya, sa'ad da ya tsaya gaban jama'ar da ba su taɓa jin bishara ba, da gaban hukumomin Faransa.

Ubangiji ya koya mana a Luka 16:10 cewa amincin mutum cikin ƙaramin abu shi ne ma'aunin amincinsa cikin babba. An ba ka ajin Makarantar Lahadi mai yara bakwai? Kana shirya darasin, ko sai ka iso majami'a kake buɗe littafin? An ba ka ajiyar kuɗin ƙungiyar matasa? In aka ce ka kawo lissafi yau, zai cika? An ce ka share majami'a ran Asabar? Allah yana ganin wannan duka. Dattawan ikilisiya ma suna gani, ko da ba su ce komai ba.

Tutar da ta kai shi kurkuku

Yanzu mun zo wurin da Harris ya yi tuntuɓe. Laberiya ta zama jamhuriya a 1847, mulkinta kuwa yana hannun zuriyar bayin da aka 'yanta suka dawo daga Amurka. Tsakaninsu da 'yan asalin ƙasar, irin su Girebo, an daɗe ana rikici a kan ƙasa da haraji da ciniki. Harris yana tsakiya: ma'aikacin gwamnati ne, amma jininsa Girebo ne. A hankali zuciyarsa ta koma ga siyasa. Ya shiga cikin masu ganin cewa gara Ingila ta karɓi mulkin yankin. A watan Fabrairu na 1909 ya kafa tutar Ingila a bakin teku kusa da Harper. Aka kama shi, aka same shi da laifin cin amanar ƙasa, aka jefa shi kurkuku. Yana tsare ne yaƙi ya ɓarke a 1910 tsakanin Girebo da gwamnati, aka kuwa ci mutanensa da yaƙi.

Dubi mutum mai shekara 50 a ɗakin kurkuku. Aikin makaranta ya tafi, aikin tafinta ya tafi, sunansa ya ɓaci, abin da ya sa zuciya a kai ya rushe. Kukan mutanensa gaskiya ne, an zalunce su. Amma ya nemi cetonsu a wurin wata daular duniya, da ƙarfin kansa, da dabarar kansa. Wannan ya tuna mana da Musa a karatunmu na yau. Yana da shekara 40 ya ga ana cutar ɗan'uwansa, ya kashe Bamasaren, yana tsammani jama'arsa za su gane shi ne mai cetonsu. Ba su gane ba. Ya gudu Madayana, ya yi wata shekara 40 yana kiwon tumakin surukinsa. Kiran gaskiya ne, amma mutumin bai nuna ba tukuna.

A cikin kurkukun nan, a 1910, Harris ya shaida cewa mala'ika Jibra'ilu ya bayyana gare shi, ya sanar da shi cewa Allah ya naɗa shi annabi, ya umarce shi ya tuɓe tufafin Turawa da takalmansu, ya fita ya yi wa'azin Almasihu, ya hallaka kayan tsafi, ya yi baftisma. Ban kawo wannan domin ka zauna kana jiran wahayi ba. Maganar Allah ta umarce mu mu gwada ruhohi (1 Yahaya 4:1), Ubangiji kuma ya ce ta wurin 'ya'yansa ake sanin itace. Abin da ya tabbata shi ne, mutumin da ya fito daga kurkuku dabam yake da wanda ya shiga. Ya shiga da tutar Ingila a zuciyarsa, ya fito da gicciye a hannunsa. Bai sāke neman kujera ko albashi ba har ya mutu.

Ɗan'uwana, wataƙila kana cikin naka kurkuku yau. Ka faɗi zaɓe, ko an dakatar da kai, ko jarinka ya karye, ko ka yi abin kunya da kowa ya sani. Kana ganin Allah ya gama da kai. Yusufu ya bi ta kurkuku kafin ya kai fādar Fir'auna. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku kafin a ba shi kiwon tumaki. Sau da yawa wurin da aka karya girman kanmu shi ne aji na ƙarshe a makarantar Allah. Kada ka gudu daga ajin. Ka tambayi Ubangiji abin da yake so ya cire daga cikinka.

Ko bayan fitowarsa ma, ƙofa ba ta buɗe nan take ba. Matarsa Rose ta rasu a wannan lokaci. Ya yi wajen shekara 3 yana wa'azi a Laberiya, mutane kaɗan ne suka saurare shi, waɗansu ma suna cewa ya haukace. Ya ci gaba.

Wata goma sha takwas

A watan Yuli na 1913, yana da wajen shekara 53, Harris ya haye iyaka ya shiga Kodibuwa tare da mata biyu masu taya shi waƙa, Helen Valentine da Mary Pioka. Yana tafiya ba takalmi, da farar riga da rawani. Kayansa duka su ne Littafi Mai Tsarki, da doguwar sanda mai siffar gicciye, da ƙwaryar ruwan baftisma, da ɗan gora da ake kaɗawa ana waƙa. Ya bi gaɓar teku da bakin tafkuna, ta Grand-Lahou da Jacqueville da Grand-Bassam, har ya shiga ƙasar da ake kira Gana a yau, ya kai Axim, sa'an nan ya komo.

A lokacin Abijan ƙaramin gari ne a bakin hanyar jirgin ƙasa. Gwamnan Faransa yana zaune a Bingerville, gabas da nan kaɗan, sai a 1934 aka mai da babban birni Abijan. Adjame kuwa ɗaya ce daga ƙauyukan kabilar Ebriye, masu kamun kifi a bakin tafki. Waɗannan mutane da maƙwabtansu suna cikin waɗanda suka karɓi saƙon Harris da hannu biyu.

Saƙonsa mai sauƙi ne. Allah ɗaya ne, Yesu Almasihu ya fi kowane iska da kowane gunki iko. A ƙone kayan tsafi, a karɓi baftisma, a kiyaye ranar Lahadi, a bar zina da sata da ƙarya da maye. Yana magana da Turancin gaɓar teku, tafintoci suna juyawa. Ƙauyuka sukan fito gaba ɗaya, su tara gumaka da layu su cinna musu wuta. 'Yan mishan na Katolika sun yi kusan shekara 20 a ƙasar da tuba kaɗan, sai ga majami'unsu sun cika sun batse.

Ka lura da abubuwan da bai yi ba. Bai tara dukiya ba. Bai sayar da baftisma ba. Bai kafa ikilisiya da sunansa ba, inda akwai majami'a, ta Katolika ko ta Furotesta, can yake tura mutane. An ba da labari cewa idan ya ga mutane sun fara ɗaukar sandarsa kamar tana da wani asiri, yakan karya ta ya yi wata, domin kada su bar tsohon gunki su kama sabo. Mutumin da dubbai suke bi, in ba a riga an karya shi a ɓoye ba, ba zai iya karya sandarsa a fili ba. A nan ne shekarun shiri suka nuna amfaninsu.

Ya shirya waɗansu

A watan Agusta na 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi. Hukumomin Faransa suka tsorata da baƙo mai jin Turanci wanda jama'a suke bi haka. A farkon 1915 aka kama shi da abokan tafiyarsa, aka yi musu dūka, aka kore su zuwa Laberiya. Helen Valentine ta rasu bayan haka saboda wahalar da ta sha. Harris ya yi ƙoƙarin komowa sau da dama, kullum ana tare shi a iyaka.

Da aikin a kansa kaɗai ya rataya, da ya watse a shekarar. Amma a ƙauyukan da babu majami'a ya riga ya umarci mutane su gina ɗakin sujada, su zaɓi mai wa'azi da dattawa 12 da ya kira manzanni, su lura da jama'a. Ya ƙarfafa su su yi wa Allah waƙa da harshensu da muryoyinsu na gida. Ya ce su jira malamai da za su zo da Littafi su koya musu. Suka kuwa jira, har a wuraren da aka rushe ɗakunan sujadarsu. A 1924, sa'ad da ɗan mishan na Metodis William Platt ya zo daga Dahomey, wato Benin ta yau, ya tarar da dubban mutane suna taruwa kowace Lahadi. A waɗansu majami'u an ajiye Littafi Mai Tsarki na Turanci a kan tebur, ba mai iya karantawa, suna jiran mai koya musu. Kusan shekara 10 ke nan ba makiyayin da ya tara su.

Wannan shi ne abin da Bulus ya umarci Timoti a 2 Timoti 2:2, ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane waɗanda za su iya koya wa waɗansu. Mu da muke zaman baƙunci mun fi kowa bukatar jin wannan. Yau kana Abijan, gobe rikici ko ciwo ko kiran gida ya mai da kai Maraɗi ko Zariya. In ka tafi, ƙungiyar addu'ar da take taruwa a ɗakinka za ta ci gaba? Akwai wanda ka koya wa? Tun kana shirin zama shugaba ka fara shirya wanda zai gāje ka.

Inda aikin ya gaza

Ba zan ɓoye maka rauninsa ba, gama Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye na Dauda ba. Harris bai hana auren mace fiye da ɗaya ba, shi kansa ma bayan rasuwar Rose ya auri mata fiye da ɗaya. Wannan ya saɓa wa ma'aunin da karatunmu na yau ya kafa wa shugaban ikilisiya, cewa ya zama mijin mace ɗaya. Kuma ya yi wa jama'a baftisma da yawa cikin gaggawa, da koyarwa kaɗan. Da 'yan mishan suka zo da dokokinsu a kan aure da kuɗin ikilisiya, sai gardama ta tashi. A 1926 wani ɗan mishan, Pierre Benoit, ya ziyarce shi a Laberiya, ya komo da saƙon cewa mabiyansa su shiga Metodis. A 1928 kuma waɗansu 'yan Ebriye suka je wurinsa da kukansu, cikinsu har da John Ahui na Petit-Bassam, wanda ya komo da gicciye da Littafi daga hannun tsohon, daga baya ya zama shugaban Ikilisiyar Harris. Haka garken ya rarrabu, waɗansu Katolika, waɗansu Metodis, waɗansu Harris.

Darasin a bayyane yake. Abin da shugaba ya bari bai gyara ba a gidansa da koyarwarsa, jikokinsa na ruhaniya ne za su yi fama da shi. Don haka ka bar Maganar Allah ta bincike gidanka tun yanzu. Ka nemi ilimin Littafi sosai, ko a makarantar Littafi Mai Tsarki, ko ta darussan wasiƙa, ko a gaban fastonka. Himma ba ta isa ba in babu sani.

Harris ya yi sauran kwanakinsa a Laberiya yana wa'azi, har da zuwa Saliyo. Shanyewar jiki ta same shi a shekarunsa na ƙarshe. Ya rasu a 1929 cikin talauci, a gidan 'yarsa, kusa da inda aka haife shi. Bai sāke ganin jama'ar da ya yi wa baftisma a ƙasarsu ba. Amma yau, in ka ji ƙararrawar majami'a a Adjame ko Treichville, ka tuna cewa a cikin masu amsa ta akwai jikokin waɗanda suka ƙone gumakansu a 1914.

Domin tunani

1. Wa kake ƙarƙashinsa a yau, yaushe rabon da ka karɓi gyara daga wurinsa ba tare da gunaguni ba?
2. Wane ƙaramin aiki ne aka ba ka a majami'a ko a wurin sana'a wanda kake yi da sakaci?
3. Wace tuta ce kake ɗagawa, ta kabila ko ta siyasa ko ta sunanka, a wurin da ya kamata ka ɗaga gicciye?
4. In aka auna gidanka da 1 Timoti 3:1-7, me za a tarar?
5. Wa kake koya wa abin da ka sani?

Kada ka amsa da baki kawai. A cikin makon nan ka je wurin fastonka ko wani dattijo mai tsoron Allah, ka roƙe shi ya ba ka aikin da ba mai so, ka kuma ba shi izini ya faɗa maka gaskiya a kan halinka. Ubangijinmu ya koya wa almajiransa a Markus 10:42-45 cewa hanyar girma a mulkinsa ita ce bauta wa waɗansu, shi kansa kuwa ya bi ta har gicciye. In kuwa ba ka taɓa ba da ranka gare shi ba, daga nan shirin yake farawa, yau ce kuma ranar.

Bari mu yi addu'a

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin bawanka William Wade Harris, da dukan waɗanda ka yi amfani da su ka kawo hasken bishara a ƙasashenmu. Ka gafarta mana gaggawarmu da son girmanmu. Ka koya mana biyayya a ƙarƙashin waɗanda ka sa bisanmu, da aminci cikin ƙaramin aiki. Wanda yake cikin kurkukun baƙin ciki yau, ka ziyarce shi, ka ta da shi sabon mutum. Ka tsarkake gidajenmu, ka ba mu ƙishin Maganarka. Ka tayar wa ikilisiyarka a Abijan da ko'ina shugabanni masu zuciyar bawa. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.